Neman shawara: ya zan cire tsohon banish daga barandar katako ba tare da na lalata katakon ba?

Abban Ikram, Malali

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawarar masu sani, musamman kafintoci da masu fenti in akwai su anan. A gidanmu na gado anan Malali akwai wata baranda ta katako ta bayan gida, marigayi mahaifinmu ne yasa aka yi ta tun muna yara, an ɗaga ta daga ƙasa akan ginshiƙan siminti, faɗinta zai kai mita 3 tsawonta kamar mita 6. Rabinta na ƙarƙashin rufin kwano, rabin kuma a fili yake rana da ruwan sama duk akansa suke ƙarewa. Katakon mai nauyi ne sosai, wasu sunce madaci ne wasu sunce iroko, ni dai abinda na sani har yau gara bata taɓa shi ba.

Matsalar itace abinda aka shafa masa. Asali wani abu ne mai launin ƙasa-ƙasa da ya shige jikin katakon, daga baya duk sanda za'ayi biki ko sallah ta matso sai a kira mai fenti ya ƙara banish akai, ba'a kankare na baya, haka aka riƙa jibga wani akan wani. Yanzu ɓangaren da ke fili ya tsattsage yana ɓarewa, in ka taka ba takalmi ɓawon ya manne maka a ƙafa, wani wajen yayi fari-fari wani wajen yayi baƙi ƙirin musamman zagayen kan ƙusoshi, gefen da ke kusa da bishiyar mangwaro kuma gansakuka ta kama shi in anyi ruwa santsi yake kamar me. Hajiyarmu anan take zama da yamma tana lazimi jikoki na rarrafe a wajen, wallahi santsin nan shi yafi damuna. Ɓangaren da ke ƙarƙashin rufi kuwa banish ɗin ya kama gam ko farce baya motsa shi.

Wani mai fenti yazo ya duba yace a wanke kawai a sake zuba banish mai kauri zai rufe komai, hankalina bai kwanta ba dan abinda aka yi ta yi kenan shekara da shekaru. Wani kuma yace a ɓalle katakon a zuba kankare a sa tayil, wannan kam bazan iya ba, aikin Baba ne, kuma irin katakon nan yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo. So nake in cire tsohon gaba ɗaya inga ainihin fuskar katakon. Samfefa zan sa ko kemikal? kuma yanzu da muke tsakiyar Agusta zan iya farawa ko in dakata? Nagode Allah ya saka da alheri.

Baba Kafinta, Panteka

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka yaro, yasa aljanna ce makoma. Mutumin da ya ɗaga katako daga ƙasa akan siminti ya san abinda yake yi, shi yasa barandar ta kawo yau.

Kar ka bari kowa ya ƙara maka banish akan wannan. Sabon banish ai ba katako zai kama ba, tsohon da ke ɓarewa zai kama, ranar da na ƙasa ya tashi tare zasu tashi. Kuma ka san dalilin fashewar tun farko. Katako numfashi yake, da damina ya sha danshi ya kumbura, hunturu na shigowa iskar nan ta busar dashi ya tsuke, haka yake yi duk shekara har abada. Banish kuwa fata ce busasshiya a samansa, rana ta gasa ta ta daina miƙewa, sai ta tsage kamar kaushin diddige a watan Janairu. Ruwa ya bi tsagar ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita, shine farin da kake gani da kuma baƙin. A garin nan namu da damina ke jiƙa komai hunturu kuma ya ƙafar da komai, banish a fili baya daɗewa ko wane iri ne, na cikin ɗaki daban.

Maganar lokaci, kar ka fara yanzu. Agusta katakon nan cike yake da ruwa, in ka sa samfefa cushewa zata yi tana dunƙule dattin, ka ƙarar da kuɗinka a banza, in ma ka kankare ka bar katako tsirara ruwa na dukansa har Oktoba ka ƙara masa ciwo. Ka bari ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, lokacin katako ya bushe ƙurar hunturu mai kauri kuma bata sauko ba, dan ita ma ƙurar in ta sauka akan man da zaka shafa wa katakon kafin ya bushe ta ɓata aiki.

Amma akwai abinda zaka yi tun gobe saboda Hajiya. Ka samu burushi mai tauri na roba irin na wankin bayi, da omo da ruwa, ka goge gansakukar nan tas ka ɗauraye. Banda burushin ƙarfe da soson ƙarfe, suna barin ƙananan ɓarɓashin ƙarfe a jikin katako in ruwa ya taɓa duk wajen sai yayi ɗigo-ɗigon baƙi. Ka sa a rage rassan mangwaron da suka rufe wajen rana ta riƙa shiga. Sannan tsakanin katako da katako akwai ƴar tazara da aka bari dan ruwa ya wuce, na tabbata ƙasa da ganye da banish sun toshe ta, ka bi da tsohuwar wuƙa ko guntun zarto ka buɗe. Wannan kaɗai zai rage santsin sosai. Ka leƙa ta ƙasa da tocila ka riƙa soka sukuddireba a jikin katakon da gungumen da suka ɗauke shi, inda ta shige da sauƙi ya ruɓe, ka sa masa alama.

In lokaci yayi abu na farko ƙusoshi, ka bi ɗaya bayan ɗaya ka buga kansu su ɗan nutse ciki, in ba haka ba su zasu yayyaga maka samfefa. Sai sikirafa, ƙarfen nan na kankare fenti, ka bi duk wanda ya riga ya tashi, ɓangaren fili zakaga fiye da rabi da kansa zai fita. Sannan samfefa. Ka fara da mai kaushi lamba 40, ka koma 60, ka gama da 80. Kar wani yace maka sai an kai 220 yayi sulɓi, wannan aikin kujera ne da gado, katakon waje in yayi sulɓi da yawa ƙofofin jikinsa sun toshe mai bazai shiga ba, ga santsi in ya jiƙe. Kullum ka bi tsawon katakon yadda jijiyarsa ta kwanta, kar ka gitta.

Fili mai murabba'in mita 18 da hannu aiki ne ja, gara ka ɗauki yaro mai injin samfefa, wanda bel ɗinsa ke tafiya a miƙe ko mai karkarwa. Amma ka tsaya akansa. Da yawa zasu zo maka da girenda ta masu walda su ɗaura mata samfefa dan tafi sauri, tana cin katako rami-rami ta bar zagaye-zagaye, bazaka gani ba sai ka shafa mai sannan duk su fito fili, lokacin kuma ba gyara sai an sake ci. Kuma kowa ya sa takunkumi, in iroko ne ƙurarsa na sa wasu atishawa da ƙaiƙayin jiki har da tsukewar ƙirji, na ga yaran shago da basa iya zama in ana aikinsa. Ka goge wani ɗan lungu da samfefa ka gani, in ya fito rawaya-rawaya kalar zuma iroko ne, in ya fito ja-ja madaci ne.

Ɗan Kawo

Oga duk wannan dogon aiki ne, ka kira yaran wankin mota su zo da injinsu na feshi awa ɗaya sun kwashe maka komai, in ya bushe ka shafa baƙin mai na mota shikenan ba gara ba ruɓewa, haka muke yiwa katakon rumfa.

Maman Walid, Tudun Wada

Salam. Ɗan Kawo dan Allah baƙin mai a inda jarirai ke rarrafe suna sa hannu a baki? a'a gaskiya. Katakon rumfa yana sama ba mai taɓa shi, wannan kuwa wajen zama ne da sallah.

Abban Ikram ni ba kafinta bace, sabulu nake haɗawa na wanki da na ruwa, amma nasan za'a ce maka ka sa soda dan duk mai fenti ita yake fara ambata saboda arha, shi yasa nace bari in faɗi abinda na sani akanta. Kostik soda tana cin tsohon banish kam ba ƙarya, na taɓa wanke tsohuwar ƙofa da ita, in ka shafa ka bari zakaga banish ɗin ya narke ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai yauƙi sai ka bi da burushi. Amma ba abar wasa bace, yadda take cin banish haka take cin fatar mutum, kuma abin tsoron bata zafi nan take, sai kaji yatsunka na santsi kamar ka taɓa sabulu, toh wannan santsin fatarka ce ta fara narkewa. Ido kuwa ɗigo ɗaya na iya makantar da mutum.

In zaka haɗa, ruwan zaka fara zubawa a bokiti sannan ka riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan kana juyawa da sanda, kar ka kuskura ka zuba ruwa akan soda, zafi take yi ta tafasa ta fantsamo maka fuska. Ruwan sanyi, a waje inda iska ke kaɗawa, ka kawar da fuska daga tururin. Bokitin roba mai kauri, banda na alminiyam dan tana cinye shi tana fitar da iska mai kama wuta. Safar hannu ta roba doguwa, tabarau mai rufe gefe, takalmin roba, riga mai dogon hannu. Ka ajiye babban baho na ruwa kusa, in ta taɓa ka ruwa kawai zaka yi ta kwarara, in ido ne minti 20 ko fiye kana wankewa sannan a wuce asibiti kai tsaye, ba manja ba man shafawa.

Dabara ɗaya, ruwan soda tsinkakke ne yana gudu ya bi tsaga ya zube ƙasa kafin yayi aiki, in ka dama sitaci irin na guga ka haɗa yayi ɗan kauri yafi zama akan katakon. Kuma ka yi da sassafe ko da yamma, in rana ta busar dashi ya daina ci.

Abinda yafi muhimmanci a wajena yara. Ranar aikin a kai su gidan ƴan uwa kawai. Garin soda fari ne yaro zai ɗauka sukari ne ko gishiri, ruwanta kuma garau kamar ruwan sha, dan girman Allah kar a zuba ragowar a gorar ruwa ko ta lemo a ajiye, mu masu sabulu mun san yaran da suka sha irin wannan maƙogwaronsu ya ƙone har yau basa iya haɗiyar abinci daidai. Ruwan ɗaurayar ma ka tare shi kar ya gangara gindin mangwaron ko wajen kaji.

Malamin Kimiyya, Unguwar Dosa

Baba Kafinta da Hajiya Maman Walid sun gama magana, ƙari kawai zanyi ta ɓangaren da nake koyarwa.

Kafin ka sayi kowane kemikal ka gano me ke kan katakon, dan ba duk abu mai sheƙi bane iri ɗaya. Ka samu auduga ka jiƙa da sifirit ka ɗora a wani lungu ka kife kofi akai na ƴan mintuna, wani lungun kuma ka yi haka da tina, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti dashi. In sifirit ya narkar dashi ko yasa shi danƙo, toh folish ne na shelak ko kuma irin na ruwa. In tina ce ta narkar dashi nan da nan, irin folish ɗin da masu kujeru ke fesawa ne, wannan da tinar da tsumma ma zaka rage shi. In duk basu yi masa wani abin kirki ba banish ne mai mai, shine soda ke ci. Dalili kuwa shine dai sana'ar Maman Walid, soda in ta haɗu da mai sabulu take mayar dashi, man da ke cikin banish ɗin ne take mayarwa sabulu shi yasa yake yauƙi yana wankuwa. Wanda ba mai a cikinsa sosai, kamar masu taurin nan da ake haɗa gwangwani biyu kafin a shafa, soda bata yi masa komai sai dai ta ƙona katakon gefensa. Kuma ba'a buƙatar ta da ƙarfi, giram 40 zuwa 50 a lita ɗaya ta ruwa ya isa a fara gwaji dashi, minti 15 zuwa 20 a kankare.

Inda nake da ja akan soda shine launi. Katako masu nauyi da yawa suna da sinadarai irin su tanin a jikinsu, soda na taɓa su sai katakon yayi duhu, wani har baƙi-baƙi, kuma tana tayar da gashin katakon. Kai kuma kace ainihin fuskar katakon kake son gani. Dan haka in ka sa soda dole ka bi bayanta da asid mai sauƙi bayan ka ɗauraye sosai. Wanda yafi dacewa shine oksalik asid, farin gari ne ana samu wajen masu sayar da kemikal, kamar giram 60 zuwa 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, ka shafa ka bari ya ɗan jima ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Yana kashe ragowar sodar ya dawo da hasken katakon. Binega ma na kashe soda amma bata haskaka katako kamar shi. Kuma ko baka sa soda ba oksalik ɗin nan zai maka amfani akan baƙin zagayen ƙusoshi, wannan baƙin ba datti bane, ƙarfen ƙusa ne ya haɗu da danshi da sinadarin katakon ya zama tawada, samfefa bata kaiwa ƙarshensa amma oksalik na narkar dashi. Shima guba ne in an sha, kuma a ɗauraye shi tas kafin samfefa dan kar a shaƙi garinsa.

Bilic irin su Hypo da Jik yana kashe fumfuna da gansakuka amma baya cire banish, in yayi yawa kuma yana kodar da katako ya sa fuskarsa tayi laushi. In ka yi amfani dashi kar ya haɗu da oksalik ko binega ko kowane asid, haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai shaƙe mutum. A raba musu rana, a ɗauraye tsakani.

Sai rimuba, wato kemikal ɗin cire fenti da banish, ta gwangwani da ake sayarwa a shagon fenti. Tana aiki da sauri kuma bata baƙanta katako kamar soda, amma ka karanta jikin gwangwanin, da yawa akwai metilin kulorayid a ciki. Tururinsa in ya shiga jiki hanta na mayar da wani ɓangarensa kabon monoksayid, gubar nan dai ta hayaƙin janareta. A Amurka hukumar kare muhalli ta hana sayar wa jama'ar gari rimuba mai ɗauke dashi tun 2019 saboda mutanen da ya kashe, yawanci a rufaffen waje suna aiki. Naka a fili ne da sauƙi, duk da haka tururin yafi iska nauyi ƙasa yake kwanciya, daidai inda fuskar mai durƙuso take.

Tambaya ɗaya, akwai fenti mai launi a wani wajen, kamar jikin makarin gefe ko matakala? Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki. Duk mun tuna abinda gubar dalma tayi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinariya ne amma gubar ɗaya ce kuma ta ƙura take shiga, ƙananan yara tafi kamawa. In akwai irin wannan fentin kar a goge shi a bushe kar kuma a ƙona shi da wuta.

Injin wankin mota da Ɗan Kawo ya faɗa yana da amfani wajen ɗauraya kawai, a buɗe bakinsa ruwan ya bazu a nisanta shi da katakon. In aka matso dashi da ƙarfin da zai ɓare banish toh zai tone naman katakon ya bar shi da gashi-gashi da layuka, ya kuma tura ruwa can ciki.

Abban Ikram, Malali

Kai jama'a Allah ya biya ku, Baba amin nagode da addu'a. Na wanke gansakukar da omo na buɗe tsagogin, abinda ya fito daga ciki ba'a magana, yanzu in anyi ruwa wucewa yake baya kwanciya, Hajiya ma ta lura. Na goge lungu ɗaya ya fito rawaya kalar zuma, kenan iroko ne. Malam nayi gwajin, sifirit bai yi komai ba, tina ta ɗan sa saman yayi taushi amma bata narkar ba. Kuma eh makarin gefe akwai koren fenti a ƙarƙashin banish ɗin, na barshi ban taɓa ba. Hajiya Maman Walid maganarki ta shige ni, matata ma na karanta mata tace indai da wata hanya a bar sodar nan.

Baba sukuddireba ta shige a katako biyu na bakin mangwaron, sauran da gungumen ƙasa lafiya lau. Da na leƙa ta ƙasa naga bayan katakon fes yake ba'a taɓa shafa masa komai ba, shine nace ko a ciro su a juya kawai? Sannan in an gama me zan shafa tunda kunce banda banish, kar in bar shi haka rana ta cinye shi.

Baba Kafinta, Panteka

Juyawa dabara ce mai kyau kuma muna yi, amma ba kullum take fita ba. Tsohon iroko ya bushe yayi tauri, ƙusoshin kuma sun yi tsatsa sun kama, wajen ɓanɓarowa bakin katakon na iya tsagewa. Sannan inda ya kwanta akan gungume zaka tarar da baƙin layi a gicciye. Ka sa a fara da biyun nan da suka ruɓe tunda dama fita zasu yi, daga nan zaka gane yadda ƙusoshin suke. In suna fita salin alin toh ka ci riba, a ciro duka a sa musu lamba da alli dan kowa ya koma mazauninsa, a kawo su nan Panteka ko duk inda ke da injin share fuskar katako a ɗan shafe su sama-sama, ba soda ba rimuba. Sai dai ka tabbatar ba guntun ƙusa ko ɗaya a ciki, kuma ka faɗa wa mai injin akwai tsohon banish tun kafin ku yi ciniki dan yana dakushe wuƙa, wani zai ƙi wani zai ƙara kuɗi. In ƙusoshin sun ƙi, a bar su a inda suke a bi da sikirafa da samfefa.

Ni a nawa ganin ɓangaren fili baya buƙatar kemikal sam, rana ta riga ta yi maka aikin. Na ƙarƙashin rufi da ya kama gam shine samfefa zata riƙa cushewa, nan ne zaka iya sa rimuba ko sodar, kaɗan-kaɗan katako biyu uku a lokaci ɗaya, bayan ka gwada a lungu kaga kalar da zai bayar. In ruwa ya taɓa katakon ka bashi aƙalla kwana 2 zuwa 3 na rana kafin samfefa ta ƙarshe. Makarin mai koren fenti kuma a kwance shi a fitar dashi daga gidan, a jiƙa a kankare akan leda a tattare dattin, ko a canza shi gaba ɗaya tunda ba shine katakon mai daraja ba.

Wajen mayarwa kar a sa ƙusar ƙarfe ta gama gari, baƙin nan zai dawo. A sa sukuru wanda baya tsatsa, a fara huda katakon da dirila dan iroko baya karɓar sukuru haka nan, tsagewa yake ko sukurun ya karye. Biyun da zaka canza ka nemi busasshen iroko, tsohon da aka ciro daga wani gini ma yafi, ɗanye zai tsuke ya bar maka gibi. Gungumen ƙasa da bayan katakon a shafa musu Solignum, maganin gara da ruɓewar katako, tunda an samu dama, amma banda saman da ake zama.

Abin shafawa mai zaka nema wanda ke shiga jiki baya yin fata, man tik ko dafaffen man linsid, ko wanda aka rubuta na katakon waje ne mai shiga ciki. In ka samu mai ɗan launi a ciki yafi jure rana akan garau ɗin. Kafin ka shafa ka ɗiga ruwa akan katakon, in ya tsotse ya shirya, inda ruwan ya tsaya ya dunƙule akwai sauran banish a koma da samfefa. Iroko na da maiƙon kansa, ka share ƙura ka bi da tsumma mai ɗan tina ya bushe tukun. Ka shafa siriri, ka bari kamar minti 15 zuwa 20 ya sha, sannan ka goge duk wanda ya rage a sama da busasshen tsumma, wannan gogewar ita mutane ke tsallakewa sai wajen yayi danƙo ƙura ta manne. Washegari ka ƙara na biyu. Bakin katakon inda aka yanka ka bashi da yawa dan ta nan yafi shan ruwa. Bazai yi sheƙin banish ba ka faɗa wa Hajiya tun yanzu, kuma duk shekara in damina ta wuce sai an wanke an ƙara shafi ɗaya a ɓangaren fili, sai dai baya ɓarewa balle ka sake kankara.

Tsummokaran da ka goge man dasu, musamman na linsid, kar a dunƙule su a jefa a kwali ko a sito. Suna ɗaukar zafi da kansu har su kama wuta ba ashana ba komai. A shanya su ɗaya-ɗaya a fili akan siminti su bushe ƙarau, ko a tsoma su a bokitin ruwa.

Maman Walid, Tudun Wada

Toh Alhamdulillah. In ka zo kan na ƙarƙashin rufin kuma ka yanke shawarar sodar, ka auna wadda zata ishe ka ranar kawai ka haɗa, kar a kwana da ragowa a gidan. A gaida Hajiya da jikoki.

Abban Ikram, Malali

Zasu ji insha Allah. Baba zan sa a ciro biyun nan cikin satin nan in rufe gurbin da falanki na wucin gadi saboda yara, in naga yadda ƙusoshin suka yi zan ɗauko hoto in saka anan kafin in nemi mai injin.